Haƙƙin Matalauta a Cikin Baikon Ikilisiya: Amsa ga Wani Ma'aji

Wani ɗan'uwa, ma'ajin wata ƙaramar ikilisiya a karkara, ya rubuto yana cewa: "Baba, dattawanmu sun rabu biyu a kan baikon godiyar kaka na bana, kuɗi da hatsi. Zumuntar Mata sun roƙa a ware wani kaso domin gwauraye da marayu da wasu iyalai da rikici ya koro zuwa ƙauyenmu, cikinsu har da waɗanda ba Kirista ba. Wasu dattawa kuwa sun ce a zuba duka a ginin majami'a, domin Yesu da kansa ya ce kullum muna tare da matalauta, mu ma talakawa ne, sa'an nan ceto ta wurin bangaskiya yake, ba ta wurin ayyuka ba. Shin taimakon mabukata wajibi ne a kan ikilisiya, ko kuwa ganin dama ne?"

Ɗana, na gode da wannan tambaya, ina kuma gaishe da dattawanku da iyayenmu mata na Zumunta. Amsata a taƙaice ita ce wajibi ne, kuma kalmar da nake so ka riƙe idan kun koma zama ita ce haƙƙi. Abin da ikilisiya take ba gwauruwa da maraya da baƙo rabonsu ne da Allah ya riga ya yanka musu a cikin abin da ya danƙa mana, saboda haka idan muka riƙe shi, kayan wani muka riƙe. Na yi shekaru fiye da talatin ina zama a irin wannan taro, ina fasto, daga baya kuma ina koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki, kuma babu ko ɗaya cikin hujjojin da ka kawo da ban taɓa ji ba. Wata ma da bakina na kawo ta sa'ad da nake sabon shiga aiki, ina ɗokin ganin an rufa wa majami'a kwano. Don haka ba na ɗaukar dattawan da suka fi son gini a matsayin marasa tausayi. Rabin aya suka riƙe, kuma daga wannan rabin ayar ya kamata mu fara.

Maganar da suke jingina da ita tana cikin Markus sura 14, da Matiyu 26, da Yahaya 12. An yi ta a Betanya, 'yan kwanaki kafin a gicciye Ubangiji, sa'ad da wata mace ta zuba masa man ƙanshi na nardi mai tsada, waɗanda suke wurin suka yi gunaguni cewa da an sayar da man a kan dinari 300 ko fiye an ba gajiyayyu. Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙwadago na yini guda, wato kuɗin man ya kusa kai abin da lebura zai samu a shekara. Yahaya ya faɗa mana cewa Yahuza Iskariyoti ne ya ɗaga murya, ya kuma ƙara da cewa bai faɗi haka don ya damu da matalauta ba, sai don jakar kuɗi tana hannunsa, yana kuma taɓa abin da ke ciki. Wannan aya ce da ya kamata kowane ma'aji ya karanta wa kansa sau ɗaya a shekara, ba don ina zarginka ba. Yesu ya kāre matar, ya ce ta shirya jikinsa ne domin jana'iza, kuma a Markus 14:7 maganar ta zarce inda dattawanku suka tsayar da ita: kullum kuna tare da matalauta, duk lokacin da kuka so kuna iya yi musu alheri, amma ni ba kullum kuke tare da ni ba. Abin da matar ta yi na wannan sa'a ne kaɗai, sa'ar da ba za ta sake dawowa ba, alhali kula da matalauta shi ne aikin da ya bar musu na kowace rana. Shaidar haka tana cikin Yahaya 13:29, a daren jibin ƙarshe: da Yahuza ya tashi ya fita, wasu almajirai sun zaci an aike shi ne ya ba matalauta wani abu. Ba za su yi wannan zato ba da ba su saba ganin ana buɗe jakar domin mabukata ba.

Akwai kuma abin da Yahudawan da ke zaune a wurin suka ji wanda mu ba ma ji. Idan ka ce wa Bahaushe alheri danƙo ne, ba ka bukatar ƙarasa masa, ya san sauran. Haka su ma sun san cewa Yesu ya ɗauko farkon Maimaitawar Shari'a 15:11, wadda ta ce ba za a rasa matalauta a ƙasar ba, saboda haka ina umartarku ku buɗe hannu ga ɗan'uwanku matalauci da mabukaci. Dalilin da dattawanku suka kafa don rufe hannu shi ne ainihin dalilin da Musa ya kafa don buɗe shi. Surar duka a kan yafe bashi ne a kowace shekara ta bakwai, har ta gargaɗi mai hali kada ya ga shekarar yafewa ta kusa ya ƙi ba da rance. A aya ta 4 ta wannan sura an ce idan jama'ar suka yi biyayya ba za a sami matalauci a cikinsu ba, kuma Luka ya san abin da yake yi sa'ad da ya rubuta a Ayyukan Manzanni 4:34 cewa ba a sami wani mabukaci a cikin masu bi na Urushalima ba. Yana nuna cewa abin da aka yi wa Isra'ila alkawarinsa ya fara tabbata a cikin ikilisiya.

Dokar da ta fi bayyana mini wannan al'amari ita ce dokar kala, wataƙila domin ni ɗan manomi ne. A Littafin Firistoci 19:9-10 an umarci mai gona kada ya girbe gonarsa har gefe, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zube, ya bar wa matalauci da baƙo. Maimaitawar Shari'a 24 ta ƙara da cewa wanda ya manta da dami a gona kada ya koma ɗauka, wanda ya kakkaɓe zaitun kada ya sake bin rassan, domin abin da ya rage na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Mu a ƙasar nan ba baƙin wannan ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga mata da yara suna bin gonar gero ko dawa bayan an ɗaure dammuna suna kala, ko suna tonon ragowar gyaɗa bayan masu gona sun kwashe, kuma mai gonar da ya kore su sai gari ya yi da shi. Bambancin shi ne a wurinmu al'ada ce da kunya take tsarewa, a cikin Attaura kuwa doka ce da aka rufe da cewa ni ne Ubangiji Allahnku. Ka lura da yadda aka tsara ta. Da an so, da an ce mai gona ya kwashe duka ya kai rumbu, in zuciyarsa ta yi laushi ya ɗebi mudu ya aika. Maimakon haka an hana shi taɓa gefen gonar tun hatsin yana tsaye, domin ƙasar kanta ta Ubangiji ce, manomi baƙo ne a kanta, kamar yadda Firistoci 25:23 ta faɗa. Mai kala kuma ba ya durƙusa a ƙofar kowa. Yana shiga da ƙwaryarsa, ya yi gumi, ya koma gida da abin da hannunsa ya tara, mutuncinsa yana nan.

Littafin Rut ya nuna mana wannan doka tana aiki a gona ta gaskiya. Rut gwauruwa ce, matalauciya, kuma baƙuwa daga Mowab, wato ta haɗa uku daga cikin abubuwan da dokar ta ambata. Bo'aza ya cika doka, ya kuma ƙara a kai: ya umarci masu girbinsa su zare wasu zangarniyoyi daga dammuna su yar mata da gangan, kada kuma su tsawata mata, har ta koma wurin surukarta Na'omi da mudu masu yawa na sha'ir a yini ɗaya, abin da Ibraniyawa suke kira efa guda. Ita tana ganin kalarta ce ta yi albarka. Wannan dabara ta Bo'aza, ta taimakon mutum ba tare da an sa shi ya sunkuyar da kai ba, ita ce abin da muka fi rasawa a ikilisiyoyinmu, zan kuma dawo kanta. Sauran dokokin duk hanya ɗaya suka bi. Zakkar shekara ta uku ana ajiye ta a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi, ladan ɗan ƙwadago ana biyansa kafin rana ta faɗi, mayafin da aka karɓa jingina ana mayar wa mai shi da dare ya rufa. Da aka yi watsi da waɗannan, annabawa ba su yi shiru ba. Amos ya zargi Isra'ila da sayar da matalauci a kan takalmi, Ishaya kuma a sura 58 ya ce azumin da Allah yake so shi ne a raba abinci da mayunwaci, a shigar da marar mafaka gida.

Game da hujjar bangaskiya da ayyuka, dattawanku sun yi gaskiya a abin da suka tabbatar. Ba wanda zai sami ceto domin ya ciyar da gwauraye, ko da ya ciyar da dubu. Amma Bulus da ya rubuta a Afisawa 2:8-9 cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, shi ne ya ci gaba a aya ta 10 cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya riga ya shirya. Wasiƙar Galatiyawa ita ce mafi zafi a kan wannan batu na bangaskiya, duk da haka a cikinta, a 2:10, Bulus ya ce da ya gana da Yakubu da Bitrus da Yahaya, abu ɗaya kaɗai suka roƙe shi, ya riƙa tunawa da matalauta, ya kuma ce abin da shi ma yake ɗokin yi ke nan. Ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin al'ummai domin matalautan Urushalima. Yakubu ya faɗi abin a fili: idan ɗan'uwa ba shi da sutura ko abincin yini, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi kome ba, me ka yi ke nan?

A nan akwai kuskure na biyu da nake ganin ya fi na dattawanku yaɗuwa a yanzu, shi ne bayarwa domin a samu. Mun tashi muna jin cewa sadaka maganin masifa ce, sai kuma ga wa'azin shuka iri ya zo ya ce wanda ya ba da dubu zai girbi dubu ɗari. Idan aka bi wannan, matalauci ya zama tsani ke nan, ana taka shi a hau. Gaskiya ne Karin Magana 19:17 ta ce mai jin ƙan matalauci Ubangiji yake ba rance, kuma Allah ba ya cin bashin kowa. Amma ka dubi Matiyu 25, inda Sarki yake ce wa na hannun dama na ji yunwa kun ba ni abinci, na yi baƙunci kun saukar da ni, ina kurkuku kun ziyarce ni. Amsarsu mamaki ce, suna tambaya yaushe muka gan ka. Ba su riƙe lissafi ba, domin mutumin da ke gabansu suka gani, shi suka taimaka. Dalilin da Bulus ya ba Korantiyawa kuwa ba lada ba ne, Almasihu ne da kansa, wanda ko da yake mawadaci ne ya zama matalauci dominsu.

Sai maganar cewa ku ma talakawa ne. Ban raina wannan ba, na san yadda tsadar abinci da taki da kuɗin mota ta yi wa mutanen karkara tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Amma ikilisiyoyin da Bulus ya kafa misali da su a 2 Korantiyawa 8 na Makidoniya ne, waɗanda ya ce suna cikin matsanancin talauci da tsanani, duk da haka suka roƙe shi a bar su su sa hannu. Ƙa'idar da ya kafa a aya ta 12 ita ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba a tambayarsa abin da ba shi da shi. Ikilisiyar ƙauye ba ta da kuɗi, amma tana da abubuwan da ta birni ba ta da su. Tana da samari da za su yi gayya su nome gonar gwauruwa a safiya ɗaya, su gyara mata jinka kafin damina. Tana da hatsi a hannu. Ka san yadda shekara take juyawa: da kaka hatsi yana araha, a watan Yuli da Agusta kuwa, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabo bai nuna ba, talaka yakan ci bashin buhu ɗaya ya biya fiye da haka da kaka, ko ya bar gonarsa ciyawa ta ci ya tafi ƙwadago a gonar wani, shekara mai zuwa kuma ya sake faɗawa ramin da ya fito. Idan kuka sayar da hatsin godiya duka yanzu, kun sayar da shi a lokacin da ya fi arha. Shawarata ita ce ku ajiye wasu buhuna da kyau, da magani ko a buhun da ba ya shan iska, zuwa tsakiyar damina. Mai ƙarfi a ba shi rance ya mayar da mudu a bakin mudu ba ƙari, tsohuwa da marar lafiya kuwa a ba su kyauta.

Wannan yana bukatar tsari, kuma a nan aikinka yake. Ofishi na farko da ikilisiya ta ƙirƙira bayan na manzanni, a Ayyukan Manzanni 6, saboda abincin gwauraye aka ƙirƙire shi. Yahudawa masu jin Helenanci sun yi ƙorafi cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon kowace rana, wato ƙorafin ɓangaranci ne irin wanda muka sani sarai a ikilisiyar da ta tara ƙabilu da yawa. Manzanni ba su ce ana kawo rabuwa ba, sai suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cikinsu har da Istifanas da Filibus, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su, abin da ke nuna cewa daga ɓangaren masu kukan aka ɗauko su. Bulus ma a 1 Timoti 5 ya yi maganar rubuta sunayen gwauraye, ya ce wadda take da 'ya'ya ko jikoki su fara ɗaukar nauyinta, domin ikilisiya ta iya kula da waɗanda ba su da kowa. Saboda haka wani lokaci taimakon da gwauruwa ta fi bukata shi ne dattawa biyu su je su zauna da ɗanta da ke birni ya manta da ita, ko da 'yan'uwan mijinta da suka ƙwace gonar marayu. Wannan ya fi ba da shinkafa wuya, shi ya sa muke guje masa. Wanda kuma yake da lafiya ya ƙi aiki, 2 Tasalonikawa 3:10 ta yi maganarsa, amma a lura cewa ƙin aiki ta ce, ba rashin aiki ba. Kuɗin kuma kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Bulus da kansa bai yarda ya kai gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya tafi da wakilan da ikilisiyoyi suka zaɓa domin kada a sami abin zargi. Tsarin nan ya daɗe: wajen shekara ta 251, Karniliyus bishop na Roma ya rubuta cewa ikilisiyarsa tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Ba a sanin irin wannan adadi sai da littafi.

Zan faɗa maka kuskuren da na yi domin kada ka maimaita. A wata ikilisiya da na yi aiki, mun tara atamfa da shinkafa domin gwauraye lokacin Kirsimeti, muka kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar sujada, suka jeru a gaba, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Na koma gida ina jin daɗin kaina. Wata daga cikinsu, mace mai kamun kai wadda mijinta ya yi dattijon ikilisiyar, ta yi makonni ba ta zo sujada ba. Da na je gaishe ta, bayan doguwar gaisuwa ta ce mini, Baba Fasto, yunwar ta fi mini sauƙi a kan tsayuwar nan. Tun daga ranar muka mayar da rabon hannun mata biyu na Zumunta, su kai da yamma kamar masu zuwa gaisuwa. Ubangiji ya riga ya faɗa a Matiyu 6 cewa kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi, amma sai da wannan baiwar Allah ta koya mini na gane cewa umarnin yana kāre mai karɓa kamar yadda yake kāre mai bayarwa. A zamanin da kowa yake da waya mai ɗaukar hoto, abin ya ƙara muni.

Game da iyalan da ba Kirista ba, Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa kowa alheri, musamman 'yan'uwa masu bi. Kalmar musamman tana nuna wanda za a fara da shi, ba ta kore kowa ba, domin kalmar kowa ta riga ta gabace ta. Da masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcina, iyaka yake nema, Yesu kuwa ya ba shi labarin Basamariye, mutumin wani addini da wata ƙabila, wanda bai tambayi wanda 'yan fashi suka sassara ko shi wane ne ba. Ikilisiyar farko da haka aka san ta, har maƙiyanta suka shaida. Sarkin Roma Yuliyanus, wanda ya bar bangaskiya ya so ya farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta a shekara ta 362 yana kuka cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na arna.

Mu ma a nan muna da namu tarihin. Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, karin maganar da ke nuna yadda ake ƙyamar taɓa mai wannan ciwo. A wajen 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi kula da sansanonin kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato, a lokacin da magani mai inganci bai zo ba tukuna, kuma mafi yawan waɗanda aka wanke wa gyambo a can Musulmi ne. Asibitin ido na Kano, wanda yanzu yake hannun ikilisiyar ECWA, an buɗe shi a 1943, asibitin Galmi a Nijar kuma a 1950, har yau suna karɓar kowa. A Maradi, daga 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma a kan barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi, abin da ya mayar da itatuwa a gonaki masu yawan gaske, kuma irin taimakon Bo'aza ke nan, domin manomi da hannunsa ya yi. Na kusa kuwa shi ne na Yola. Bayan Boko Haram ta kama Mubi a 2014, dubban mutane sun fake a harabar majami'ar Katolika ta Santa Teresa a ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, Kirista da Musulmi. Da aka gina wa waɗanda suka kasa komawa gidaje 86 a Sangere-Marghi, aka buɗe a 2021, an gina musu makaranta da majami'a da kuma masallaci. Wasu Kiristoci sun soki batun masallacin, kuma ana iya yin muhawara a kansa, amma ban ji wanda ya ce bai kamata a ba su masauki da abinci ba.

Gargaɗi ɗaya zan yi, domin tarihin nan ba duka ne fari ba, an sha zargin mishan da amfani da magani wajen jan mutane, kuma ba kowane zargi ne ƙarya ba. Kada ku sa tuwo ya zama ƙugiya. Mayunwaci zai amsa duk abin da aka ce ya amsa, amma abin da ya fito daga ciki marar abinci ba bangaskiya ba ce, kuma maƙwabtanku za su gani su riƙe. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya dawo godiya, bai kuwa mayar wa taran da cutarsu ba. Ku ba su domin suna bukata, ku bar su su san ko ku su wane ne, idan sun tambayi dalili ku faɗa musu ba tare da kunya ba.

Ginin majami'a abu ne mai kyau, annabi Haggai ma ya tsawata wa waɗanda suka zauna a gidaje masu rufi suka bar Haikali kango, saboda haka kada ka shiga zaman kamar mai yaƙi da gini. Abin da zan ce shi ne gini yana iya jira shekara guda ba abin da zai same shi, yaron da ke fama da zazzaɓi ko tamowa kuwa ba zai jira ba. Ambros bishop na Milan ya narkar da kayan zinariya na majami'a ya fanshi waɗanda aka kama a yaƙi bayan shekara ta 378, aka zarge shi, ya tsaya a kan cewa rayukan sun fi tasoshin daraja. 'Yan'uwa na Garkida, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ta samo tushe, a ƙarƙashin tsamiya suka yi sujadarsu ta farko a watan Maris na 1923, kuma kafin shekara goma ta cika sun riga sun buɗe wurin jiyya da sansanin kutare. Idan kun zauna, ka roƙi shugaban zaman a karanta Maimaitawar Shari'a 15:7-11 da Markus 14:7 a jere kafin kowa ya yi magana. Sa'an nan ka ba da shawara a yanka kaso tsayayye, a rubuta shi a littafin ikilisiya domin kada a sake wannan gardama kowace kaka, a fitar da shi tun kafin a ƙidaya na gini, kamar yadda ake barin gefen gona tun kafin a kai dami gida. Yawan kason ku za ku yanke, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sunayen mabukata kuwa ku karɓa daga Zumuntar Mata, su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Iyalan da aka koro manoma ne kamar ku, kuma nan da 'yan watanni abin da za su fi bukata shi ne wurin shuka da iri, don haka ka fara tuntuɓar dattawan da suke da saura tun yanzu a ba su aro kafin ruwan farko ya sauka. Ka rubuto mini yadda zaman ya kasance, ka kuma gaishe da mutanen gida.